Ƙeyar Haladu da Ɗan Kolombiya

A duk 'yan Najeriyar da ke zaune a unguwar Bin Omran, babu wanda ya kai Haladu shiga filin ƙwallo, babu kuma wanda ya kai shi rashin ganin wasa. Ni Ɗalhatu direba, ɗakinmu ɗaya da shi tun zuwansa Doha, gadona na ƙasa, nasa na sama. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Mutumin Haɗeja ne, dogo, mai faɗin kafaɗa kamar ƙyauren shago. A gida gidan kallon ƙwallo yake da shi, rumfar kwano da bencina da wani janareto mai taurin kai wanda ba ya mutuwa sai an zo bugun fenareti. Da aka fara ɗibar masu gadi gab da gasar cin kofin duniya, sai ya sayar da komai ya taho. Kafin ya baro gari sai da ya bi majalisa-majalisa yana shaida wa mutane cewa shi da kallon talabijin har abada, yanzu da idonsa zai riƙa gani, har warin ciyawar zai shaƙa.

Warin ciyawa kam ya shaƙa. Ranar farko aka ba shi riga mai ƙyalli da wata 'yar kujera, aka kai shi bakin fili, sannan sufabaiza ya kama kujerar ya juya ta tana fuskantar 'yan kallo. Aikinsa ke nan: ya ba fili baya, ya zuba wa jama'a ido, kada wani ya diro ko ya yi jifa. Dokar kamfanin ba ta da tsawo. Ka waiwaya sau ɗaya, gargaɗi. Ka ƙara, an cire ka daga fili, sai gadin motoci a ƙarƙashin kanti, kwantiraginka ma sai yadda ta yiwu. Haladu ya cinye gargaɗinsa tun a gasar duniya, ranar da fili ya ɗauki wani ihu wuyansa ya juya da kansa. Ranar wasa kuma ba a ba kowa hutu. Sai ya zama shi ne a fili, amma mu da ke ɗaki muke ba shi labarin wasan idan ya dawo. Mun yi masa tsiya har muka gaji.

Shi kuwa sai ya koyi karanta wasa a fuskokin mutane. Akwai wani dattijon Balarabe da ba ya fashi a layin gaba. Haladu ya ce idan tsohon ya daina jan carbi, an shiga da'irar gidansu. Idan ya dafe ƙeya, an ɓarar. Idan ya miƙe har ghutra, mayafin nan na kan Larabawa, ta zame masa, to, ta shiga raga.

Ana haka wani kulob na nan Doha, wanda kamfanin su Haladu ke gadin filinsa, ya sayo wani yaro daga Kolombiya mai suna Yilmar Cuenú. Sunan ya fi ƙarfin bakinmu, muka bar shi a Ɗan Kolombiya. Shekararsa ashirin lokacin, baƙi wuluk kamar mu, ɗan wasan gefe mai ƙafar hagu. In kana son tarihinsa ka tsokani Haladu, amma ka tabbata ba ka da wurin zuwa. Zai faɗa maka an haife shi a Tumaco, garin bakin teku, uwarsa soya kifi take yi. Zai faɗa maka yadda ya fara a wani ƙaramin kulob na rukuni na biyu, ya taimaka musu suka hau rukuni na ɗaya, aka kira shi tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara ashirin, daga nan Larabawa suka ƙyalla ido suka gan shi. Yana faɗa yana taɓa ƙirji, sai ka rantse shi ya yanka masa ragon suna.

Yadda suka haɗu abin dariya ne. Kujerar Haladu tana daidai kusurwa, inda allunan talla suka bar ɗan gurbi. Wata rana aka samu bugun kwana, yaron ya ja da baya don ya ɗauko gudu, bai lura ba ya yi karo da kujerar. Ya dafa kafaɗar Haladu don kada ya faɗi, ya ce wani abu da yarensu, ya ruga ya buga. Wani ya sa kai, ƙwallo ta shiga. To kun san 'yan ƙwallo da camfi. Daga ranar, duk sanda kwana ta faɗo ta wannan kusurwa, sai ya ja baya ya taɓa kafaɗar nan kafin ya buga.

Haladu ya dawo ɗaki ranar bakinsa har kunne. Tun daga lokacin in ya shigo ba ma tambayarsa wa ya ci, sai mu ce, ya taɓa ka? Ya murmusa ya ɗaga mana yatsu. Ba su taɓa yin hira ba. Shi ba ya jin Sifaniyanci, yaron kuma Turancinsa bai fi na gaisuwa ba, ga shi ba a magana a bakin aiki. Yaron bai ma san fuskarsa ba, ƙeya kawai ya sani. Bayan wasa Haladu yakan hau gadonsa ya nemo taƙaitaccen wasan a waya, ya yi ta maimaitawa, yana nuna mana wani ɗan ɗigo mai ƙyalli a gefen hoto yana cewa ga shi nan. Ni dai ban taɓa ganin mutum na alfahari da ƙeyarsa haka ba.

A kakar wasa ta biyu yaron ya ji rauni a gwiwa. Sista Kaneng, wata nas 'yar Jos da ke cikin ma'aikatan motar asibiti a bakin fili, tana cikin waɗanda suka ɗauko shi. Ta gefen Haladu aka wuce da shi yana nishi, Haladu yana ji, bai waiwaya ba. Da ya dawo ko shinkafar da na dafa bai kalla ba, ni kuwa girkina ba a ƙi shi. A masallacin unguwa ya sa aka yi wa yaron addu'a, wani ɗan Bangaladash ya tambaya ko ƙaninsa ne, ya ce kusan haka. Watannin jinyar nan Haladu ya dami Kaneng da waya. Ita ma da ta gaji sai ta ce, Malam Haladu, gwiwar nan ko taka ce iyaka ke nan.

Yaron ya warke, ya dawo ya fi da. Kafin kaka ta ƙare aka kira shi babbar tawagar Kolombiya. Ranar Haladu ya saya wa duk gidanmu shayin karak, har da 'yan Nepal na ɗakin kusa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wasansa na farko a tawagar ya faɗo bayan sallar asuba a agogonmu. Aka sako yaron daga benci ana gab da tashi, ya taɓa ƙwallo 'yan taɓawa, Haladu ya yi ta tsalle a gadon sama har na ji tsoron ya rufto a kaina.

Murnar ba ta yi nisa ba labari ya fito cewa wani kulob na Fotugal ya saye shi. Wasa ɗaya ya rage masa a Doha, ranar Asabar. Bayan kwana biyu Haladu ya faɗa mini abin da ke cin sa. Ya ce yaron nan zai tafi, shi da ya fi kowa kusa da shi a filin nan bai taɓa ganinsa da ƙwallo a ƙafa ido da ido ba. Ya ce wani lokaci yakan ji kamar ya juya kawai, abin da zai faru ya faru. Na tuna masa da Raliya matarsa da 'yarsu Kausar da ke jiran aikensa a Haɗeja. Ya ce ya sani. Wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake ban nuna masa ba.

Sai na tashi tsaye. Akwai Harrison, ɗan Kafanchan, kamfaninsu ɗaya amma shi yana gadi a wani kanti a Al Gharrafa. Na roƙe shi su yi musaya, ya yarda. Muka je wa sufabaiza, muka yi ta magiya har ya gaji ya ce khalas, wato shi ke nan, sau ɗaya tak. Na samo tikiti a layin gaba, daidai kusurwar nan. Yammacin Juma'a muka fita Corniche, bakin teku, shan iska, na damƙa masa tikitin a gaban jama'a kamar mai miƙa kofi. Ya rungume ni har na ji ƙashina ya amsa.

Da hantsin Asabar na dawo daga kai wani fasinja, na tarar da mutumin yana goge rigarsa mai ƙyalli. Na tambaye shi goge ta na mene ne. Bai ɗago ba ya ce ya kira Harrison ya ba shi haƙuri.

"Ɗalhatu, wasansa na ƙarshe ne," in ji shi. "In ya miƙo hannu ya ji kafaɗar wani fa?"

Na ce kafaɗa kafaɗa ce, ta Harrison ma ba ta kwali ba ce. Na ce yaron nan ko a hanya ya gamu da kai ba zai gane ka ba sai ka juya masa baya. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba za su rubutu ba. Ya bari na gama, ya miƙo mini tikitin ya ce in je in gano masa. Na fizge shi, don ba zan bari wahalata ta tafi a banza ba.

A ƙofar fili na ci karo da Sista Kaneng, na juye mata duk takaicina. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tambaye ni da gaske bai taɓa ganin yaron yana wasa ba. Na ce ko sau ɗaya. Ta ce to, in wuce in zauna.

Na zauna, ga ni ga Haladu, fuska da fuska, tsohon nan mai carbi a gefena. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Don haushi na yi ta dafe kai ina buɗe baki ko da babu abin da ya faru, in ruɗa masa lissafi, amma ko ta kaina bai bi ba, tsohon yake kallo. Yaron kuwa ya iya ƙwallo, wannan ba ƙarya. Bayan hutun rabin lokaci kwana ta faɗo ta wajenmu. Na ga ya ja da baya, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya dafa. Haladu ya lumshe ido. Ƙwallon ba ta shiga ba, amma can gaba yaron ya yanke mutum biyu ya zura da kansa. Fili ya kaure. Na ga jijiyar wuyan Haladu ta miƙe, ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, bai juya ba.

Alƙali ya busa tashi. Masu gadi ba sa motsi sai jama'a sun watse, don haka Haladu yana nan zaune. 'Yan wasa suna ta rungumar yaron ana bankwana. Sai na hango Kaneng ta tare shi a gefen fili. Ya gane ta tun ranar rauninsa, ya tsaya. Tana magana tana nuna kusurwa, tana juya yatsa a ƙeyarta. Ya sake tambayarta, ta gyaɗa kai. Sai ya ɗora hannu biyu a ka.

Ya karɓi ƙwallo, ya taho da sassarfa, ya bi ta gurbin allunan, ya zagayo ya tsaya a 'yar tazarar da ke tsakaninmu da kujerar Haladu, daidai inda doka ta ce Haladu ya kalla. Ya sunkuya ya leƙa fuskarsa, ya dafa ƙirji. Sannan ya saki ƙwallon. Daga ƙafa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ka, ta gangaro kafaɗa, ya tare ta da dunduniya, ya dawo da ita kan ƙafar hagun nan ta tsaya cak. Ya sake, ya kuma sakewa. Mutanen da suka fara fita suka dawo suna tafi. Tsohon ya miƙe, ghutra ta zame.

Haladu bai tashi ba, bai tafa ba, hannunsa na kan gwiwa kamar yadda aka koya musu. Hawaye kawai ke bin fuskarsa yana dariya. Rediyon da ke kafaɗarsa ya yi ƙara, sufabaiza ne ke tambayar me ke faruwa a kusurwa. Na ji shi da kunnena ya danna ya ce, "Sa, gabana nake kallo." Ni da na zo da niyyar yi masa tsiya, sai ga ni ina share ido da hular kaina.

Muka shiga mota muka kama hanyar Bin Omran. Sai da muka tsaya a danja ya juyo.

"Ɗalhatu," ya ce, "ashe fito da harshe yake yi in zai buga. Duk zaman nan ina jin numfashinsa a ƙeyata, ban sani ba."