Bagwarin da aka ce ya tsani Gwarawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke motar oga a Maitama da safen nan aka bugo min waya: Oga Shu'aibu, bakanikenmu na Apo, ya rasu. Hawan jini, kwana uku kacal ya yi a kwance.



Da yawanku ba ku san shi ba, amma kun zage shi. E, shi ɗin dai, wanda kuka yi ta yawo da sikirinshot ɗin rubutunsa.

Ga wanda zancen ya wuce shi: an yi wani fim mai dogon zango a garin nan, aka cika mana kunne da talla wai kowace ƙabila tana ciki. Madalla. Shu'aibu har data ya saya musamman don ya kalla. Sai ga wadda aka ce Bagwariya ce ta fito da damin itace a ka. Ya rubuta layi ɗaya: "Wannan ba Bagwariya ba ce, ku cire ta ko ku gyara."

Shi ke nan. 'Yan boko suka ga suna Shu'aibu, suka ga hula a hoto, suka yanke hukunci: Bahaushe ne mai ƙabilanci, ba ya son ganin Gwarawa a fim. Masu ƙabilancin gaske kuma, waɗanda dama haushinsu an sa wanda ba nasu ba, suka fara kiransa gwarzonsu. Wannan ya fi zagin ƙona masa rai.

Jama'a, mutumin nan Bagwari ne gaba da baya, haifaffen Yangoji. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Abin da yake nufi ke nan. Ya yi bayani a ƙasan rubutun, amma wa ke yaɗa bayani? Zagi ya fi daɗin turawa. Da ya gaji ya rufe shafinsa.

Ni direba ne, sakandare ma ban ƙarasa ba. Shi ya fara miƙo min littafi, duk tabon baƙin mai, ya ce, "Maimakon ka yi ta hamma a bakin ofis kana jiran oga, ga wannan."

Duk lokacin sabuwar doya sai na tarar ya ajiye min guda biyu a but ɗin mota.

Ranar da na goge bambar mota da get, ya gyara tas kafin oga ya dawo daga tafiya, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Sati biyu da suka wuce na kai masa mota gyaran birki. Yana kwance a ƙarƙashinta ya ce, "Sani, mamana yana ɗaukar itace a kafaɗa har wurin ya yi kanta. Yau ni ne ba na son Gwari?"



Ya fito yana goge hannu. "An nuna wa 'yata Hauwa a makaranta, an ce babanki ne wannan mugun? Yarinya ya dawo yana kuka. Kai da bakinka ba ya hutawa, rubuta musu mana. Ni Hausana bai kai ba."

Na ce, "Oga, yau ɗin nan."

Ban rubuta ba. 'Yar ogana tana cikin waɗanda suka fi zaginsa, kuma tana bin shafina. Ni da nake tsige kowa a nan kan ƙwallo, sai ga ni na haɗiye harshena saboda makullin mota. Don haka in ina zaginku yau, da kaina na fara.

To ga shi na rubuta, bayan mai shi ya tafi. In gobe aka ce in ajiye makulli, zan ajiye.

Ku da kuka tura zagin, ku tura wannan ma, ya kai har makarantar su Hauwa. Shi ba zai gani ba, amma ita tana nan, kuma za ta koma aji bayan zaman makoki.

Allah ya jiƙan Shu'aibu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya yafe min nawa. Duk wanda ya karanta, ko kana cikin masu zagin, ka tsaya ka yi masa addu'a.