Mai Gaisuwar da Ya Ƙi Gaida Inna

Lokacin da nake takabar mijina a gidanmu na Wara, ba na ƙin ɗaga waya. Tasa ce ma ta fi yin ƙara. Malamin sakandare ne, yaran da ya koyar sun watsu cikin duniya, sai suka riƙa kira daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, da lambobin da ban sani ba. Kowa zai yi sallama, ya tambayi haƙuri, ya yi addu'a, in amsa da amin. Idan ya gama sai in miƙa wa Inna, mahaifiyata, wadda ta bar bandar kifinta ta dawo ta zauna da ni, ita ma ya gaishe ta. Haka aka saba. Mai gaisuwar mutuwa ba a katse masa magana, ba a kuma tambayarsa abin da ya kawo shi.

Akwai abin da ya bar mini wanda babu wanda ya san da shi. Tun ina budurwa nake karanta littattafan soyayya na kasuwar Yelwa, har na fara rubuta nawa. Shi ne yake buga mini su a kwamfutarsa ta hannu, wata tsohuwa da ya saya a wurin abokin aikinsa. Idan ya gama babi sai ya karanta da ƙarfi yana naɗar muryarsa, wai don in ji inda zancen ya yi tuntuɓe. Ba ya iya karantawa bai yi tsokana ba. Yakan tsaya a tsakiya ya ce, "Malama marubuciya, wannan jarumin naki ba ya zuwa aiki ne? Kullum yana bakin ruwa yana tunani." Wani lokacin kuma ya bar labarin gaba ɗaya, ya faɗa mini maganganun da ba zan maimaita wa kowa ba. A bayan muryarsa ana jin injin jiragen masunta suna dawowa daga tafki.

Da ya rasu na naɗe kwamfutar a cikin babbar rigarsa, na sa a ƙasan akwati. Na ce ba zan saurari muryar ba sai na fita takaba.

Wata rana da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Namiji ne, mai taushin murya, Hausarsa a gyare kamar ta masu karanta labarai. Ya yi sallama ya tambayi mai wayar. Na ɗauka ɗalibinsa ne da labari bai kai masa ba, sai na gaya masa. Na faɗa masa sunan marigayin da kaina, da rashin lafiyar, da ranar da abin ya faru. Sai ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau, har na share hawaye.

Daga nan ya ce shi ma'aikacin kamfanin da ke kula da kwamfutoci ne. Wai na'urarsu ta nuna cewa wata muguwar cuta ta shiga kwamfutar marigayi, tana cin abin da ke ciki, kuma idan ba a tsayar da ita yau ba komai zai goge. Ya tambaya ko akwai abin da nake jin tsoron rasawa a ciki.

Na ce akwai muryarsa.

Yanzu idan na tuna, nakan ga tambayar da ke gabana a fili. Kwamfutar da ke kashe a ƙasan akwati, naɗe da riga, ta yaya wani zai hango cutarta daga nesa? Amma a ranar ban ga komai ba. A littattafan da na girma da su, idan jaruma ta shiga ƙunci, baƙo yakan bayyana daga inda ba a zata ba, mai ladabi, ya cece ta. Na ji kamar Allah ne ya turo shi. Ga shi ba ni da halin fita in nemi mai gyara, ga shi kunya ba za ta bar ni in ba yayana kwamfutar ya kai ba, kada wani ya danna ya ji abin da ba nasa ba.

Na buɗe akwatin. Ƙamshin turarensa ya taso daga rigar. Na jona kwamfutar a wutar sola, na kunna mata data daga wayata kamar yadda marigayin ya koya mini. Mutumin yana faɗa ina bi: shiga nan, rubuta kaza, sauko da wannan, danna amincewa. Wasu lambobi suka fito, ya ce in karanta masa. Na karanta.

Sai ga 'yar kibiyar nan ta kan allo ta motsa da kanta.

Hannayena suna kan cinyata. Kibiyar ta yi sama, ta yi gefe, ta tsaya, kamar yadda take yi idan mijina yana zaune yana neman inda ya ajiye babi. Na san ba shi ba ne. Duk da haka na zuba mata ido, ban so ta daina ba.

Mutumin ya buɗe wani baƙin shafi mai rubutu yana gudu, ya ce kin gani, duk wannan cutar ce. Ya ce akwai magani, amma sai na karanto masa lambar katin banki don a yi rajista. Muryarsa ta fara sauri. Ya ce lokaci na ƙurewa.

A nan Inna ta ɗaga labule ta shigo da kwanon kunu. Ta dube ni, ta dubi akwatin a buɗe.

"Wanga wane irin mai gaisuwa na, tun ɗazu bai ƙare ba? Ɗan gidan wa na?"

Na ce ban sani ba.

"To miƙo shi mu gaisa, kunun ga na hucewa."

Na ce masa, "Ga mahaifiyata za ku gaisa."

Ya ce, "A'a Hajiya, kada ki ba kowa wayar nan. Kada ma ki gaya wa kowa abin da muke yi sai mun gama."

Tunda aka fara zaman makoki, babu wanda aka ce masa ga Inna ya ƙi. Wanda yake sauri ma yakan tsaya, har ya sauya murya ya ƙara ladabi. Wannan ya yi wa mijina addu'a mai tsawo, amma ba zai iya ce wa tsohuwa sannu da haƙuri ba. Sai na lura cewa duk abin da ya sani game da gidan nan, ni na gaya masa. Ko sunan mai wayar bai zo da shi ba.

Na tambaye shi daga wane gari yake kira, kuma wa ya ba shi lambar. Ya kauce wa tambayar. Ya ce idan na ɓata masa lokaci zai bar cutar ta cinye komai, har muryar. Kibiyar ta nufi wurin da sunana yake rubuce, inda marigayin ke tara karatun nan.

Ban san yadda ake korar mutum daga cikin kwamfuta ba. Abin da na sani shi ne ta wayata ya shigo. Na kashe datar. Kibiyar ta tsaya cak. Na danne maɓallin kwamfutar har allon ya yi baƙi, sannan na katse kiran. Shi ne karo na farko da na katse wa mai gaisuwa magana. Ya sake kira, ya sake, har na kashe wayar.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in sha kununa. Da rana na gaya mata duka, har da maganar muryar, ta saurara tana gyaran wake, ta ce Allah ya tsare gaba.

Sauran kwanakin takabar su ne mafi nauyi. Ban sani ba ko mutumin ya riga ya goge muryar, kuma ina tsoron kunnawa kada ya dawo. Idan na ji injin jirgi daga bakin ruwa sai in yi ƙoƙarin tuno yadda mijina yake furta sunana, in ga kamar yana dusashewa. Na ci gaba da ɗaga wayarsa, amma na koyi tambaya da ladabi: wa ke magana, a ina kuka san shi?

Fitata ta farko bayan wankan takaba Yelwa na je, yayana ya raka ni. Na riƙe kwamfutar a ƙirji duk tsawon hanya. Mai gyaran, wani dattijo mai tabarau, ya saurare ni har na gama. Ya ce babu kamfanin da ke kiran mutum haka kawai ya ce ya hango cuta a kwamfutarsa, kuma duk wanda ya nemi a buɗe masa ya shiga daga nesa, ko ya nemi lambar kati yana gaggawa, a kashe masa waya kawai. Ya kunna ta ba tare da intanet ba, ya cire abin da aka sa ni na sauko da shi. Cuta kuwa babu ita tun farko.

Ya buɗe wurin da sunana yake. Karatun marigayin duk suna nan, a jere. Ya kwafe mini su a filas guda biyu, 'yan na'urorin ajiya da ake soka wa kwamfuta, ya ce kada in ajiye su wuri ɗaya. Sannan ya tambaya ko in gwada ɗaya don mu tabbatar. Na saci kallon yayana. Sai ya miƙo mini abin sawa a kunne, ya ce wa yayana su je su duba wata waya a shagon gaba.

Na danna na farko. Injin jirgi ne ya fara, can nesa. Sai ya yi gyaran murya, ya ce, "To, Malama marubuciya, bari mu ga ko jarumin namu ya sami aiki yau."