Naira Ɗaya a Goshin Makaɗin Turawa

Shekarun baya, tun yawancinku ba a haife ku ba, wani abu ya faru da ni a London wanda ban taɓa ba da labarinsa a fili ba. Abin da ya tono shi, makon jiya 'yata ta kunna mini wani fim kan tarihin rangadin da wasu mawaƙan Turawa masu kiɗan rock suka yi a zamaninmu. Ita don tsokana ta yi, wai in ga irin sumar samarin lokacinmu. Muna cikin kallo na ce ta tsayar, ta ɗan koma baya. Na daɗe ina duban hoton, har ta tambaye ni ko lafiya.

Lokacin kuɗin fetur ne, naira sabuwa fil, ana girmama ta ko a Ingila. Gwamnatin jiharmu ta turo ni karatun lantarki, ina zaune a wani ɗan flat a Catford, a saman gidan wata tsohuwar Baturiya da ko tari ka cika yi sai ta buga maka silin da sandar tsintsiya. Ina yawo da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, a ganina na gama wayewa.

Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta, gado tun kakanni. Ni kuwa tun ina sakandare nake ɓoye wannan kamar ciwon kuturta. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana, sai in ce ɗan kasuwa ne. A gidanmu kowane ɗa yana da takensa, wanda Baba yake kaɗa masa tun ranar suna, in ka ji shi ko daga ina ka san da kai ake. Amma ranar da zan taso, ni da bakina na roƙe shi kada ya zo filin jirgi da kalangu. Ya dube ni, ya ce, "To." Har yau in na tuna wannan "to" ɗin sai na ji kunya ta rufe ni.

Ina shekara ta biyu aka aiko mini cewa Baba ya kurumce. Zazzaɓi ne mai zafi ya kwantar da shi, da ya tashi kunnuwa sun tafi. Wani mahauci da Baba ya daɗe yana yi wa kiɗa, wanda ya zama attajiri da kwangilar nama, ya rantse sai likitan Ingila ya duba shi. Haka Baba ya sauka London da babbar rigarsa da akwatin ƙarfe. Da na buɗe akwatin sai ga kalangu a naɗe cikin zane, mahaifiyata ta cusa bai sani ba. Akwai kuma 'yar wasiƙa da ta sa aka rubuta mini: "Tun da abin ya same shi bai taɓa kalangun nan ba, kuma ba ya cin abinci. Ka dawo mini da shi yadda na san shi, da kunne ko babu kunne." Na tuna tsohuwar ƙasa da tsintsiyarta, na yi maza na tura kalangun ƙarƙashin gado, Baba yana kallona.

Na yi booking, wato na kama mana ranar ganin likita, a wani asibitin kunne a Marylebone. Likita ya yi gwaje-gwajensa kwana biyu, sannan ya ce jijiyar ji ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita. Da ajami muke magana ni da Baba, in rubuta masa a takarda, shi kuma ya amsa da baki. Na rubuta, "Ya ce sai haƙuri." Baba ya karanta, ya ninke takardar.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "In mun koma, a ba ɗan ƙanena kalangun. Makaɗin da ba ya jin abin da hannunsa ke faɗa ai katako yake duka."

Daga nan ya zama sai zama a bakin taga, yana kallon jajayen bas suna wucewa. In na dafa tuwon semo ya yi loma biyu ya ture. Mutumin da in ya shiga mahauta sai wuƙaƙe sun tsaya, ga shi yana mutuwar tsaye a gabana. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar ba zai kai baɗi ba.

Ina da aboki Bature ɗan ajinmu, wanda in an yi hutu yake bin waɗannan mawaƙa na cikin fim ɗin yana ja musu wayoyin lantarki. Ba ya gajiya da labarinsu. Ya ce da farko a 'yar motar kaya ɗaya suke cusa kansu da jitocinsu, suna bin ƙananan mashaya ana jifansu da kwalabe. Amma a wannan rangadin sun ratsa Amurka gari bayan gari, sun sauka Japan, sun kewayo Turai, manyan motoci jere suna bin su da kaya. London ce zangon ƙarshe. Ya ce in zo da la'asar lokacin gwajin sauti, kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, in ga lantarkin da ba zan taɓa gani a aji ba. Ba zan iya barin Baba shi kaɗai ba. Sai na yi irin wayon ɗan boko, na ce a raina ai kurma ne, ƙarar ba za ta dame shi ba. Na sa masa hula muka hau tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Tun daga tasha muka iske layi. Samari da 'yan mata, ba ka bambance su ta baya, wasu da bargunansu don nan suka kwana. Baba ya ja hannuna ya ce, "Rabon me ake yi?" Na rubuta, "Kiɗa za su ji." Ya dubi takardar, ya dubi layin da ba a ganin ƙarshensa.

Abokina ya shigar da mu ta ƙofar baya. Wallahi ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba, kasuwar garinmu za ta zauna a ciki har da tashar mota. A kowane gefen dandamali an jera lasifikoki baƙaƙe, wani kan wani, sun fi soron bene tsawo. Wayoyi kaurin damtse a shimfiɗe a ƙasa, ƙatti suna rataye a can sama suna ɗaura fitilu. Ni da nake taƙama da lantarki, sai na ga ashe ko alif ban fara ba. Abokina ya ajiye mu a gindin lasifikokin, ya miƙo mini audugar toshe kunne.

Ashe tsarin aikinsu, mai ganga ne ke fara gwaji, shi kaɗai. Wani siririn Bature ya fito, ba riga, gashi har kafaɗa, ya zauna a bayan tarin ganguna. Ya taka babbar da ƙafa sau ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ji na yi ba, duka na sha a ƙirji. Ƙafar wandona ta kaɗa, haƙorana suka haɗu. Ya sake takawa, ya sake, a hankali, yana jiran mai gyaran sauti ya ɗaga masa hannu.

Na juya don in ga ko Baba ya tsorata, sai na ga babu shi a gefena. Yana jikin lasifika, ya manna tafin hannuwansa biyu, sannan ya manna ƙirjinsa gaba ɗaya, hularsa ta karkace. Idonsa a rufe. Mai ganga ya koma kan ƙananan, ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yatsun Baba suna motsi a jikin katakon, suna bin kiɗan daidai, ba sa gaba ba sa baya. Da sauran mawaƙan suka shigo da jitocinsu suka haɗu a kan waƙa ɗaya, ɗakin duka ya ɗauki rawa, fitilu suka kama ja da shuɗi. Baba ya waigo, hawaye har gemu.

"Kai, ɗan nan, ina ji," ya ce. "A haƙarƙarina nake ji."

Suna tsayawa, kafin in ankara, Baba ya tattare babbar riga ya hau matakala. Wasu ƙatti biyu masu gadi suka yo kansa. Na bi shi da gudu ina ba da haƙuri da duk Turancin da na sani, a raina ina cewa shi ke nan, yau sai ofishin 'yan sanda. Mai gangar ya ɗaga musu sanda suka dakata. Baba ya tsaya a gabansa, ya zura hannu a aljihu, ya zaro sabuwar naira ɗaya, ya liƙa masa a goshi. Gumi ya riƙe ta. Baturen ya ƙame, idanunsa sun haɗu a tsakiya yana leƙen takardar, sauran suka fashe da dariya.

Ya tambaye ni me wannan ke nufi. Na ce a ƙasarmu haka ake yi wa makaɗin da ya kai maƙura. Ya ce to wane ne wannan dattijon? Abokina yana tsaye a gefe, shi da na daɗe da gaya wa ubana ɗan kasuwa ne. Amma na ce, "Mahaifina ne. Makaɗi ne, ubansa ma makaɗi ne. Kuma ba ya ji ko kaɗan."

Dariyar ta tsaya. Baturen ya miƙe daga kujerarsa, ya miƙa wa Baba sandunan da hannu biyu. Baba bai zauna ba. Ya murza fuskar ganga ɗaya da babban yatsa, ya ce, "Tambaye shi, fatar wace dabba ce wannan?" Aka ce roba ce. Na rubuta masa, ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko." Sannan ya dafa wata daga gefe, ya ɗan buga ta, ya ce in gaya masa wannan ta saki, ba ta jitu da 'yan uwanta ba. Mai kula da gangunan ya zo da ɗan makullinsa ya gwada, ya ɗago ya dubi Baba, ya ɗaure ta.

Sun roƙe mu mu tsaya wasan. Baba ya ce a yi musu godiya, ya riga ya samu abin da ya kawo shi Ingila. Muna fita aka buɗe ƙofofi, jama'a suka kwararo ciki da gudu. Ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Duk wannan don makaɗi?" Na gyaɗa kai. A cikin tube hannunsa yana dafe da haƙarƙarinsa na hagu. Da muka isa gida ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Da safe ina haɗa shayi na ji ana jan abu daga ƙarƙashin gado. Na leƙo, Baba ya warware zanen, yana bin tsarkiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rataya kalangun, ya matse shi a hammata, jikin haƙarƙari.

"Ka ga wautata," ya ce. "Shekara arba'in yana nan manne da ƙashina, ni ina zaton da kunne nake jin sa."

Ya ɗaga gula. Bugu uku na gane takena ne, wanda na hana shi kaɗawa a filin jirgi. Daga ƙasa tsohuwa ta fara buga silin da tsintsiyarta. Na ajiye butar shayi, na je na wangale taga, na zauna a gabansa ina kuka kamar yaron goye har ya kai ƙarshe.

Baba ya koma gida ya yi shekara goma sha ɗaya yana kiɗa, kuma mahauta sun ce hannunsa bai taɓa kuskure ba. Ni kuwa tun ranar ban sake cewa ubana ɗan kasuwa ne ba. Har yau ina mamakin yadda sai da Allah ya kai ni gaban Bature mara riga kafin in ga girman abin da ke gidanmu.

A fim ɗin nan an lissafa garuruwan da suka je, da motocinsu, da faɗace-faɗacensu, babu wanda ya ambaci wani dattijo mai babbar riga. Amma a wasan ƙarshe na London, kyamara ta ɗan ratsa ta gefen mai ganga. A jikin babbar gangar, an manne wata 'yar takarda da salatef. Na nuna wa 'yata da yatsa, na ce, "Kin ga wannan? Nairar kakanki ce."