Tutoci Biyar a Gonar Baba

Shekara ashirin da wani abu yayana yana Yamai yana tuƙa motar wani babban ma'aikaci, ni kuma ina ƙauyenmu a gefen Tarka ina noman gonar da mahaifinmu ya bari. Ba a taɓa raba gadon ba, kuma ko sau ɗaya ba mu tayar da maganar ba. Kowace kaka in sussuka masa nasa hatsin in sa a mota, shi kuma ya aiko da shadda da shinkafa lokacin salla. A raina dai gonar tawa ce, don ni na san inda ruwa yake kwanciya a cikinta da inda rairayi yake cinye iri.

Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida bayan girbi, da akwati biyu da wata doguwar jakar fata. Na ɗauka bindiga ce. Da ya buɗe sai ga sandunan ƙarfe, wasu da kai kamar cokali, ɗaya da ƙaton kai kamar ludayi, da ƴan ƙwallaye farare. Ya ce wasan golf ake yi da su, maigidansa ne ya bar masa da za su rabu. Shekara da shekaru yana zaune a inuwar mota yana kallon manya suna bugawa, yanzu shi ma zai ɗana. Na ce Allah ya ba da sa'a, na tafi ban ruwan tumakina.

Kwana huɗu da dawowarsa, da hantsi, na hango shi a gonar. Yana tafiya a miƙe, taku ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi. Ƙirga yake yi. Ya tsaya, ya durƙusa, ya haƙa ɗan rami da wuƙa, ya cusa gwangwanin tumatir a ciki, sannan ya kafa kara a gefe ya ɗaura masa jan tsumma. A wurinmu ba a ƙirga taku a gona a kafa kara da tsumma sai in za a raba gado. Haka na ga an yi wa maƙwabtanmu, kuma daga ranar ƴan uwan nan ko gaisuwar kirki ba sa yi.

Kafin azahar tutoci sun zama biyar. Uku daga ciki suna cikin kwarin da ruwa yake kwanciya, inda dawa da wake suke yi mini kyau ko damina ta yi gardama.

Na je na same shi, na yi fuskar wanda bai damu ba. Na ce, "Yaya, me ake aunawa ne haka?"

Ya ce, "Tsawon bugu."

Tsawon bugu, in ji shi! Na koma gida na faɗa wa mai ɗakina. Ta ajiye taɓarya ta ce, "In wasa ne, me ya hana shi filin lakwal, can makarantar boko? Can yara suke ƙwallonsu." Da la'asar na kai masa tambayar kamar tawa ce. Ya ce filin lakwal gajere ne, kuma ƙwallon nan in ya sami kan yaro sai asibitin Tanut. Amsar ta yi daidai, kuma daidaitar tata ce ta ƙara tayar mini da hankali. Na ce a raina mutumin birni ya shirya maganarsa tun a hanya.

Shi ne da kansa ya ce, "Gobe ka zo in koya maka. Wasan nan ba ya daɗi mutum ɗaya." Na amsa da to. Daga wurinsa ban zame ko'ina ba sai wurin dattawa biyu na fadar mai gari, waɗanda suka san iyakar gonar tun zamanin baba. Na ce musu yayana ya fara auno a ɓoye, ina roƙonsu gobe da hantsi su biyo ta gonar kamar wucewa suke.

Washegari ya miƙa mini sanda mai kan cokali, ya ajiye ƙwallo a ƙasa. Na ɗaga na sara kamar ina riƙe da gatari. Rairayi ya tashi ya cika mini baki, ƙwallo yana nan inda yake. Na sake, na sami iska. Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun muna kiwon awaki.

Ya ce, "Kai, ba maciji za ka kashe ba. Sassauta hannu. Buɗe ƙafa. Idonka a kan ƙwallo, kar ka ɗaga kai."

Ina zan sa ido a kan ƙwallo? Idona yana kan ƙafafunsa, ina ƙirga takunsa daga tuta zuwa tuta ina lissafin ko rabin gonar ke nan. Ƙwallona ya shiga ƙarangiya, muka fito da wanduna cike da ƙaya. Ya faɗa cikin kashin shanun Fulanin da suka kwana a gonar bayan an saki gonaki. Yaya ya ce doka ita ce a buga daga inda ya faɗi. Na ce wannan dokar wanda bai san saniya ba ne ya kafa ta. Da na sa ƙwallon a gwangwanin farko, sai ya zaro wata ƴar takarda da fensir daga aljihu ya rubuta wani abu. Na ga takardar nan, na ce a raina awon gonar yake rubutawa.

A rami na uku wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Na gaji da ƙirga, na kalli ƙwallon kawai na buga. Ya yi wata ƙara mai tsabta, ya tashi sama ya wuce gawon tsakiyar gona ya sauka kusa da tuta. Wallahi na ji daɗi har tafin ƙafata. Yaya ya jefa hularsa sama. Ya ce, "Ka gani! Amma bugun nesa kowa yana so, a bakin rami ake jin kunya. Shi za ka riƙa koya, taku uku, taku biyar, a hankali. Sai kuma fita daga rairayi mai laushi. Mu riƙa zuwa nan kullum da safe." Da na ji kalmar kullum sai daɗin ya gudu, na tuna abin da ya kawo ni.

Ramin ƙarshe yana gindin aduwar da baba yake hutawa in rana ta take. Muna isa muka tarar da dattawan nan biyu a zaune, sun shimfiɗa buzu. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Sai babban cikinsu ya gyara murya.

Ya ce, "Ɗana, ƙanenka ya ce ka fara auno. In rabo kake so hakkinka ne, ba mai hana ka. Amma ba haka ake yi ba. A kira mu, a kira liman, a yi da rana kowa yana gani."

Yayana ni ya juyo ya kalla, ya daɗe yana kallona. Sannan ya zaro takardar ya miƙa wa dattijon. Layi biyu ne a jiki, nasa da nawa, yawan bugun da kowa ya yi a kowane rami. A gefen ramina na uku ya zana ƴar alama don murna.

Ya ce wa dattijon, "Baba, gonar tasa ce tun ranar da na hau mota na bar garin nan. Ku shaida, tunda an kira ku shaida." Ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na sa ramin ƙarshe a nan ne don in mun gama mu zauna inda tsoho yake zama."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa sandar da ke hannuna. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya ce ba komai. Ya bi tutocin ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke, ya tono gwangwanayen, ya cike ramukan da ƙafa har ba a gane wurin.

Yanzu a wani fako yake wasansa, bayan gari ta hanyar Belbeji, inda ko ciyawa ba ta fitowa kuma ba na kowa ba ne. Na je sau biyu na tsaya a gefe. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi tumaki, amma bai miƙo mini sanda ba. Muna ci a kwano ɗaya, muna salla a sahu ɗaya. Gonar kuwa ta zama tawa da shaidar dattawa biyu, ba mai ja. Hanyar kasuwa ta tsakiyarta ta bi, kowa yana ratsawa da jakinsa. Yayana in ya iso bakin gambar da ke iyaka, sai ya karkata ya bi ta waje.