Lanƙwasar da Ta Toshe Hanya

Kwamfutar da na yi aikin kammala digiri da ita ta Kwatano ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya tsallako min da ita ta Illo, inda yake da shagon atamfa. Komai nata Faransanci ne, har haruffan allon bugunta ba sa inda na saba. Na haƙura na koyi zama da ita. Abu guda na ƙara mata tun ranar farko: tsarin buga haruffanmu masu lanƙwasa, domin ba na iya ganin ƙ ba lanƙwasa in ƙyale.

Aikina lissafi ne kan yadda ruwa ke ratsa ƙasa a fadamun shinkafar Bagudo. Manhajar lissafin da muke amfani da ita tana jan ƙafa idan lambobi suka yi yawa, sai malamin da ke duba aikina ya ce in rubuta ɓangaren mai nauyi da yaren C, in haɗa shi da manhajar. Haɗin kuwa ba ya yiwuwa sai da kwamfaila, wato shirin da ke mayar da rubutun mutum abin da na'ura ke ganewa. Ya gaya min ƙarara: in na dawo hutu lissafin bai tashi a gabansa ba, ba zai sa hannu ba, sai in jira baɗi.

Da na ba da umarnin haɗawa, manhajar ta ce ba ta ga kwamfaila ba. Wannan na gane. Na sauko da shi da ƙyar, domin a unguwarmu sabis yana zuwa ne ya tafi yadda ya ga dama. Na saka, na nuna mata inda yake, na sake gwadawa. Sai allon ya cika da jan rubutu.

Na zauna ina kallo kamar an watsa min ruwan randa. Ban tsallake mataki ko ɗaya ba. Saƙon kuma da Faransanci ya fito, duk ya dagule, alamar tambaya ta maye gurbin kowane harafi mai ɗigo ko wutsiya a kai. Na cire kwamfailan na saka wani. Na koma tsohon samfuri. Na bi rubutuna layi-layi har idanuna suka yi yaji. Jan rubutun nan dai bai sauya ba. Mahaifiyata ta lura na rage cin abinci, ta ce in dai yaren mutanen can ne, me zai hana in kai wa kawu? Ni kunya nake ji. A ƙarshe ranar kasuwa na hau mashin zuwa Illo.

Na tarar da shi yana auna wa wata mata yadi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam Boko, mi ya hwaru? Ka rame kamar wanda a ka tsare a boda."

Na buɗe kwamfutar bisa tulin atamfa. Ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa.

"Wanga rubutu duk ƙwari sun cinye shi," in ji shi. Ya bi da yatsa yana harhaɗawa a hankali. Sai ya fashe da dariya. "Cewa ta yi ba ta ga hanya ba."

"Wace hanya, Kawu?"

"Ni za ka tambaya? Ta ce hanyar da ka nuna mata babu ta. Ita ma kwastan sun rufe mata ke nan! Ka ce ta bi ta ruwa, kwalekwale bai da shinge."

Matar da ke jiran yadinta ta sa dariya. Ni kuwa sai na tuna cewa a wurin kwamfuta hanya tana nufin jerin manyan fayil da ake bi a kai ga aiki.

"Kawu, don Allah karanta min ƙarshen layin."

"Nan ba Faransanci ba na. Ruwan... sai alamar tambaya... asa. Ruwan asa? Mi a ruwan asa?"

Babban fayil ɗin da na zuba aikina a ciki, ni na raɗa masa suna ruwan_ƙasa. Kwamfailan bai san ƙ ba. Duk lokacin da ya zo kanta sai ya ga alamar tambaya, ya nemi wurin ya rasa. Alamar tana gabana tun ranar farko, ta saje cikin na Faransancin, ni kuma ina tsallake ta da ido.

Na goge harafin, na sa k marar lanƙwasa. Na ba da umarni. Allon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan layi ɗaya ya fito, baƙi, yana cewa an gama. Na saki lissafin. Lambobi suka fara gangarowa, da saurin da ban taɓa gani ba.

Duk wahalar nan, da shekarar da na kusa rasawa, a kan 'yar lanƙwasar da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Kawu ya leƙo. "Ruwan kasa? To yanzu ta kasa ko ta yi?"

"Ta yi, Kawu."

"Ikon Allah. Ka rubuta daidai ta ƙi, ka rubuta ta kasa ta yi." Ya juya ga matar. "Hajiya, kin ji boko."

Da na koma makaranta lissafin ya tashi a gaban malamin, ya sa hannu bai ko kalli sunan fayil ɗin ba. A bangon kundin na rubuta ƙasa da lanƙwasarta. A cikin kwamfutar kuwa har yau kasa ce, kuma ban taɓa buɗe ta idona bai tsaya a wurin ba.