Makullin Ɗakin Yaya Rifkatu

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Rifkatu, kuma har yau akwai masu kiranta "malamar ɓarayi" a unguwarmu Nukkai. Da raini suke faɗa. Ni kuwa in na ji sai in ce, ƙwarai ita ce, kuma ni ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, mun ɗauka kiwon kaji za ta kama kamar sa'o'inta. Sai ta ɗauki alli ta nufi gidan yari. Can ta riƙa koya wa ƙarti masu gemu karatu da lissafi, har wasu suka zauna jarrabawar sakandare suna tsare. Ba ta taɓa tambayar ɗalibi laifin da ya kawo shi ba. Amma wanda bai yi aikin da ta ba shi ba, komai girman ƙirjinsa, sai ya sha faɗa.

Abin da ya tayar wa dangi hankali shi ne makulli. Duk ɗalibinta da aka sallama, za ta tarye shi a bakin ƙofa, ta miƙa masa makullin ɗakinta, ta ce ya wuce ya ɗora mata ruwa, ita za ta biya kasuwa. Shi kaɗai, ga rediyo ga keken ɗinki. Takan ce karatun ciki ba ya riƙe mutum a waje sai an sami wanda ya yarda da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wanda ya yi gaba da rediyon. Babban wanmu Bitrus ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Da aka sake kama mutumin aka mayar da shi gidan yari, Yaya ta zaunar da shi a bencin gaba, suka ɗora daga inda suka tsaya. Labarinsa kowa ya haddace. Ba mai maganar telan unguwar Turaki ko bakaniken unguwar Barade da suka fita ba su sake komawa ba. Su ne suka haƙa kabarinta, kuma ranar ban ji Bitrus ya kore su ba, don ƙasar ta yi tauri.

Watan jiya Ishaya, ɗaya daga cikin ɗalibanta, ya zo wurina. Ya shiga gidan yari bai iya rubuta sunansa ba, yau shi ke haɗa wa mutane wayar lantarki. Ya ce, "Mama, ɗakin Malama yana kulle kawai. Yaran da suke fitowa daga gidan yari ba su da wurin ci gaba da lesin, shi ya sa suna komawa. Ki ba ni, zan koya masu."

Aka kira taron dangi. Bitrus ya buga ƙafa ya ce, "Muddin ina numfashi, fursuna ba zai sake taka gidan nan ba!"

Na zauna ina tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. An daina cewa gidan yari, an koma gidan gyaran hali, kowa na faɗa da daɗin baki. Amma wanda aka gyara ya fito, sai mu ja ƙofa mu ƙara sakata. Na san dariya za ta yi, irin wadda take yi kafin ta wanke mutum tas. Ina kewarta ƙwarai, kuma raina ya ɓaci da mu.

Yaya ba ta bar fili ba, ba ta bar shanu ba. Ɗakin nan ta bari, kuma a rabon gado ni ya faɗo wa. Ranar Asabar na kira Ishaya na danƙa masa makullin, har da na ɗakina, na ce ya ɗora mini ruwa, ni zan biya kasuwa. Ban bi shi ba, ban sa kowa ya leƙa ba.

Da na dawo, ruwa na tafasa, an share ɗaki, an goge allo. Litinin za a fara aji. Yaya Bitrus, na san kana karanta jaridar nan, an ajiye maka bencin gaba.