Sawun Ƙafata a Yashin Kogin Todd

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, 'yarki Noeline ta buga mini waya ta ce kin cika. Ba zan rubuta sunanki a nan ba, tunda bisa al'adarku ta mamaci an ajiye shi sai ranar da danginki suka yarda a sake furta shi. Zan ce miki ƙanwata, kalmar da na hana bakina faɗa shekara bakwai.

A matsayin baƙo na zo Alice Springs, bayan rasuwar matata. Ina da shekara huɗu ma'aikatan gwamnati suka ɗauke ni daga wannan ƙasa a bayan mota, aka kai ni makarantar mishan a Adelaide, aka sa mini suna Cedric. Na girma ban san sunan uwata ba. Na shiga ayarin masu yawon buɗe ido, ke ce mai yi mana jagora. Kika ƙona ganye irin na al'adar tarbar baƙi, muka bi ta cikin hayaƙin ɗaya bayan ɗaya, Jamusawa suna ta ɗaukar hoto. A raina na ce ga wata tana sayar da abin da aka ƙwace mini.

Da muka gangara yashin kogin Todd, kika dube ni kika ce, "Tsoho, cire takalman nan, ba coci ka zo ba." Na cire, na yi taku biyar. Kika tsuguna a kan sawuna, kika ƙura masa ido.

"Wannan babban yatsan da ya karkace na gidanmu ne. Kai ɗan wa ne?"

"Haka kike gaya wa kowane baƙo?"

"E mana, ba ka ji na ce wa Jamusawan nan su ƙannen babana ne ba? Yaya, mayar da takalmanka, rana za ta gasa ka."

Ban koma Adelaide ba. Na kama ɗaki, na riƙa bin ayarinki daga nesa don in kama ki kina faɗa wa wani irin wannan magana. Ban taɓa kama ki ba. Sai na ce ai kin san ina kallo.

Lokacin da ciwon haƙarƙari ya kayar da ni, ke kika zo da romon wutsiyar kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle, kika shafa mini man ganyen daji a ƙirji, kika zauna kina zagin shayina wai ruwan wanki ne. Ni kuwa ina kwance ina jiran ranar da za ki ce in zo in tsaya gaban baƙi a nuna ni, ga yaron da aka sace. Ba ki taɓa cewa ba. A cikin wannan jinya ce kika raɗa mini sunan uwata, kika ce yayar uwarki ce, kuma takan shafe ni da gawayi da kitse don kada ma'aikatan gwamnati su ga hasken fatata, tunda yara masu hasken fata suke kwashewa. Na tuna warin kitsen, har na yi hawaye. Da kika tafi kuma na tuna cewa iyaye mata da yawa sun yi wa 'ya'yansu haka, kowa ya san labarin.

Kin ce akwai wata tsohuwa a ƙauyenku, can arewa maso yamma, wadda tana tsaye aka jefa ni cikin motar. Sau uku kika samo mota ki kai ni wurinta, sau uku na ce ba ni da lafiya. Lafiyata lau. Tsoro nake ji ta dube ni ta ce ba ta san ni ba, in rasa uwar da kika ba ni, in rasa ki tare da ita.

Jiya na je zaman makoki, na raɓe a gefe inda maƙwabta suke. Noeline ta zo ta ce, "Kawu, ranar Asabar za mu kai gawar Inna gida ƙauye. Tsohuwar tana nan da ranta, idonta ne kawai ya tafi. Ka haɗa magungunanka, kuma kada ka kawo mini zancen ciwo, na san halinka." Na duba fuskarta ko zan ga alamar tausayi ne kawai. Ban iya karanta komai ba.

Zan je. Idan ƙarya kika yi mini don ki ga tsoho ya sami inda zai jingina, na yafe miki, kuma na gode. Idan gaskiya ce, ke za ki yafe mini, don shekara bakwai kina kirana Yaya ban amsa ko sau ɗaya ba.

Allah ya ji ƙanki, ya sanyaya makwancinki a ƙasar kakanninki. Ya ba Noeline da 'yan'uwanta da jikokinki haƙurin wannan rashi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin zama a gaban tsohuwar nan har ta gama maganarta.